Kirsimeti da bashi, Kirsimeti da makoki: ina gurbin bangaskiya?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, ina cikin zumuntar mata a ikilisiyarmu. Duk shekara muna shiga Disamba da ɗoki, a yi ɗinki, a sayi shinkafa, a tafi ƙauye, mu dawo Janairu da bashi da gajiya, zuciyata kuma wayam. Bana abin ya fi nauyi, domin ƙanena ya rasu a watan Agusta, mahaifiyarmu ta ce ita ba ta da Kirsimeti. Ga kuma wani ɗan'uwa a cocinmu yana cewa bikin ma na masu bautar gumaka ne, babu shi a Littafi Mai Tsarki. Me bangaskiyarmu take yi a cikin wannan biki? Ko mu daina ne kawai?

Amsa: 'Yata, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da ke da Mama da dukan iyali, ya riƙe abin da ƙaninki ya bari. Kada ki daina bikin. Amma wayam ɗin nan da kike ji a Janairu kada ki yi watsi da shi, domin gaskiya yake faɗa miki: akwai abin da kike nema a Disamba wanda kasuwa ba ta sayar da shi.

Bari in fara da ɗan'uwan nan na coci, don maganarsa ita ce mafi sauƙin warwarewa. Yana da gaskiya a wani ɓangare. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya faɗi ranar da aka haifi Yesu, babu kuma inda ya umarce mu mu yi bikinta. Cikin Bishara huɗu ma, Matiyu da Luka ne kaɗai suka ba da labarin haihuwar. Shaida mafi daɗewa da ake da ita ta bikin 25 ga Disamba daga birnin Roma ta fito, a wajen shekara ta 336. Masana tarihi suna da bayani iri biyu game da zaɓen ranar. Wasu sun ce an ɗora ta ne a kan ranar da Romawa ke bikin bautar rana a tsakiyar sanyi, wasu kuma sun ce lissafi ne: tsofaffin masu bi sun riƙi 25 ga Maris a matsayin ranar da Maryamu ta ɗauki ciki, wata tara a kai ya kawo su 25 ga Disamba. Har yau ba rana ɗaya dukan masu bi suke yi ba. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da 'yan'uwanmu na Habasha suna yi ranar 7 ga Janairu, Armeniyawa kuma 6 ga Janairu. An taɓa samun masu bi na ƙwarai da suka ƙi bikin ɗungum: majalisar Ingila ta soke shi a 1647, a yankin Masacusets na Amurka kuma doka ta hana shi daga 1659 zuwa 1681, saboda shaye-shaye da shashancin da suka ga ya mamaye shi. To, ɗan'uwan ba shi ne farau ba, kada a tsangwame shi. Bulus ya riga ya raba wannan gardama a Romawa 14:5-6: wani yana girmama wata rana, wani ya ɗauki dukan ranaku ɗaya, kowa ya tabbata a zuciyarsa, mai kiyaye rana kuma ya kiyaye ta saboda Ubangiji. Shi ma kada ya hukunta ki. Wanda muke yi wa sujada a ranar shi ne abin dubawa, kuma babu mai durƙusa wa rana a majami'unmu.

Yanzu ga ainihin tambayarki. Abin da bangaskiya take yi na farko shi ne ta gaya miki abin da ya faru. Mun saba jin labarin tun muna makarantar Lahadi, har kunnenmu ya daina jin nauyinsa. Muna cewa Kalman nan wanda ta wurinsa aka halicci kome ya zama mutum, ya zauna a cikinmu, kamar yadda Yahaya 1:14 ya faɗa. Ya sha nono, an yi masa wanka, ya koyi tafiya, ya ji yunwa da gajiya. Iyayenmu na bangaskiya sun yi shekaru suna kare wannan magana, a taron shugabannin ikilisiya na Nikiya a 325 da na Kalsidon a 451, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shan wuya a kanta mutumin Afirka ne, Atanasiyus na Iskandariya, wanda aka kora daga kujerarsa ta bishop har sau biyar. Sun dage ne domin sun gane cewa in da bai zama mutum na gaske ba, da bai ɗauki mutuwarmu ba, in kuma ba Allah ba ne na gaske, da mutuwarsa ba ta ceci kowa ba. Komin dabbobi da gicciye labari ɗaya ne. Wanda ya raba su zai tashi da bikin jariri mai ban sha'awa, wanda ba ya iya ɗaukar nauyin uwar da ta binne ɗanta.

Ki buɗe Luka sura 2 ki karanta a hankali, kamar ba ki taɓa ji ba. Yusufu da Maryamu ba don marmari suka bar Nazarat ba. Doka ce ta fito daga Kaisar Augustas a ƙidaya mutane, talaka kuwa ba shi da ta cewa, sai suka kama hanyar Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100, ga tsohon ciki. Suka isa babu masauki. Ta haihu, ta naɗe ɗan da zanen goyo, ta kwantar da shi a inda ake zuba wa dabbobi abinci. Waɗanda aka fara yi wa albishir bayan haihuwar makiyaya ne masu kwana a daji da tumaki, mutanen da ba a jiran ra'ayinsu a gari. Sai kuma aya ta 24, wadda na fi so masu wa'azi su riƙa tsayawa a kai amma ba kasafai ake yi ba. Da kwana 40 suka cika, suka kai yaron Haikali da hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. Ki duba Littafin Firistoci 12:6-8: abin da doka ta nema shi ne ɗan rago, tsuntsaye biyu kuwa rangwame ne ga macen da ba ta da halin rago. Ashe gidan da Allah ya zaɓa ya shiga duniya ta cikinsa gida ne da bai iya sayen rago ba. Maryamu ta tsaya a gaban firist da hadayar matalauta, tana rungume da Mai Ceton duniya, ba a kuma rubuta cewa ta ji kunya ba.

In haka ne, 'yata, daga ina muka samo koyarwar cewa gidan da bai yanka ba, bai ɗinka ba, bai yi Kirsimeti ba? Ba daga Littafi ba. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 8:9 Ubangijinmu mai arziki ne amma ya talauce saboda mu. Abin da ake tunawa a ranar aikin Allah ne, ya riga ya gama shi, ba ya jiran buhun shinkafarmu kafin ya cika. Shi ya sa gidan da ya ci tuwon masara da miyar kuka a ranar 25 yake da cikakken rabo a cikin bikin, daidai da gidan da ya kayar da sa.

Maganar bashi ke nan ta zo. Ba na ganin laifin sabon kaya ko nama. Amma na daɗe ina kallon yadda abin yake tafiya a ikilisiyoyinmu, kuma ina ganin mu shugabanni muna da hannu a cikin nauyin da ake ɗora wa mata. Zumuntar mata ta fitar da anko, mawaƙa su fitar da nasu, 'yan ƙungiyar gari su fitar da nasu, ga gudummawar bikin godiya ta kaka da ba a daɗe da gamawa ba, ga kyautar fasto. Mace ɗaya tana cikin uku daga waɗannan. Na ga gwauruwa ta zo sujada ranar Kirsimeti ta zauna a bencin baya kusa da ƙofa, da tsohon zanenta wanda ta wanke ta goge tsaf. Da 'yan zumunta suka tashi da gora da tulu za su shiga gaba da waƙa, ita da muryarta ta fi ta kowa sai ta sunkuyar da kai, ba ta tashi ba, saboda ba ta da zanen bana. Wannan abu ya kamata ya hana dattawan ikilisiya barci. Yaƙub 2:1-4 ya yi mana kashedi a kan bambanta mai kyakkyawar tufa da mai tsumma a cikin taron sujada, mu kuma mun mai da bambancin ya zama tsari. Tunda kina cikin zumunta, ki kawo maganar a taronku: ko a maimaita ankon bara, ko a tara kuɗi a saya wa waɗanda ba su da hali a ɓoye, ko a yarda kowa ta shiga layi da abin da take da shi. Za ki tarar mata da yawa sun daɗe suna jira wata ta fara faɗa.

A cikin gida kuma, ki zauna da maigida tun kafin wata ya kama, ba a gaban yara ba. Ku fara cire kuɗin makarantar zango na biyu da na haya da abincin Janairu, ku ajiye gefe, abin da ya rage shi ne kuɗin biki. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne, kuma bai dace mu yi murnar wanda ya zo ya 'yantar da mu ta hanyar sa wa kanmu sarƙa ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. In kuna son nama, watanda tana nan: a yi adashi tun farkon shekara, a sayi sa ɗaya a raba kashi-kashi, ba wanda ya ji jiki. In kuɗin mota na mutum shida zuwa ƙauye zai kai ku ga rance, tunda kin san yadda ake ninka shi a tasha a makon biki, ba zunubi ba ne a je a wani lokacin da hanya ta yi sauƙi. Sai dai bana, saboda Mama, ina ganin tafiyar ta fi ɗinkin muhimmanci. In ɗaya za a zaɓa, a bar tela.

Kada ki ɗauka ina cewa mai bi ya ɗaure fuska ya ƙi cin daɗi. Akwai wurin da nake so ki riƙe, Nehemiya 8:10. Jama'a sun dawo daga bauta a Babila, aka karanta musu Shari'a, suka fashe da kuka. Sai aka ce musu su daina, su je su ci mai maiƙo, su sha mai zaƙi, su kuma aika wa wanda bai shirya kome ba da rabonsa, gama ranar tsattsarka ce, farin cikin Ubangiji kuma shi ne ƙarfinsu. Ci da sha suna cikin umarnin, aikawa ma tana ciki, a numfashi ɗaya. Wannan kuwa mun gaje shi, ba sai an koya mana ba. Da hantsi ranar Kirsimeti za ki ga yara cikin sababbin takalma suna ratsa unguwa da kuloli a ka, shinkafa da miya a ciki, cincin a leda a hannu, a shiga gidan nan a fito a shiga wancan, a juye a wanke kwano a saka musu ɗan tukuici. Al'ada ce mai kyau ƙwarai. Abin da bangaskiya za ta gyara a cikinta shi ne hanyar da kular take bi. Yawanci tana zuwa gidan da zai rama ne, ko gidan mai faɗa a ji. Yesu kuwa ya ce a Luka 14:12-14 in za ka yi biki ka kira waɗanda ba za su iya sāka maka ba. Ki zauna da 'ya'yanki ku lissafa gidaje uku ko huɗu da kuka san ba za a ɗora tukunya ba: tsohon da 'ya'yansa suka bar shi, matar da mijinta ke kwance a asibiti, ɗalibin da bai samu kuɗin komawa gida ba, iyalin da rikici ya koro daga ƙauyensu suna raɓe a ɗaki ɗaya. Kula ta fara zuwa can, da zafinta, da nama mai kyau a kai, ba ragowar yamma ba. Ki bar yaran su kai da hannunsu. Abin da za su koya a ƙofar gidan nan ya fi wa'azin da zan yi musu.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna cikin lissafi. Su suke aiko mana da nama da Babbar Salla, mu ma mu aika musu. Gidajen Kirista da yawa a Arewa sukan kira mahauci ko maƙwabci Musulmi ya yanka musu dabbar biki, domin kowa ya ci hankalinsa kwance, ni kuma ina yaba wannan hali. Bai rage kome daga bangaskiyarmu ba, kulawa ce da lamirin maƙwabci. Sun san haihuwar Annabi Isa daga budurwa, akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Maryamu, suna girmama ta. Mun bambanta da su a kan ko wane ne shi, bambancin kuma babba ne, ba sai mun ɓoye shi ko mun yi kamar babu ba. Amma ranar da mala'iku suka yi shelar salama a duniya ba ranar gardama ba ce a bakin ƙofa. Wanda bai karɓi abincin ba saboda fahimtarsa, kada ki riƙe shi a zuciya, ki ci gaba da gaishe shi kamar kullum.

Sai maganar Mama, wadda na san ita ta fi damun ki. Kada ku ce mata ta daure ta yi murna. Kada kuma wani ya ce mata baƙin cikinta rashin bangaskiya ne. Labarin Kirsimeti da kansa akwai kukan uwaye a cikinsa, mu ne muke tsallake wurin. A wasan kwaikwayon yara a coci, da zanen gado a kafaɗa da gemun auduga, labarin yakan ƙare ne da masanan gabas sun miƙa zinariya da lubban da mur, a tafa, a tashi. Matiyu bai tsaya nan ba. A sura 2 ya ci gaba: Hirudus ya aika aka kashe 'yan yara maza na Baitalami daga mai shekara biyu zuwa ƙasa, Yusufu ya tashi da dare ya gudu da yaron da uwarsa zuwa Masar. Sai Matiyu ya ɗauko maganar Irmiya 31:15 game da Rahila tana kuka saboda 'ya'yanta, ta ƙi a ta'azantar da ita domin ba su. Littafi bai tsawata wa Rahila ba, ya ba kukanta wuri a tsakiyar labarin haihuwar Mai Ceto. Maryamu ma, tun jaririn yana da kwana 40, tsoho Saminu ya gaya mata takobi zai soki zuciyarta, kuma ta rayu har ta tsaya a gindin gicciye ta ga mutuwar ɗanta. Ikilisiyoyin da ke bin tsohuwar kalanda, kamar Katolika da Angalika, suna tunawa da Istifanus mai shahada na farko ranar 26 ga Disamba, yaran Baitalami kuma ranar 28. Magabata sun san murna da makoki suna zama a tabarma ɗaya a wannan mako.

Mu a ƙasar nan ba baƙi ba ne ga wannan. Akwai iyalan da har yau Kirsimeti yake tuna musu da bam ɗin da ya tashi a cocin Katolika na Madalla, kusa da Suleja, da safiyar 25 ga Disamba 2011, da waɗanda suka binne nasu bayan hare-haren ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023, inda aka rasa fiye da mutum 100. In bikin namu na masu dariya ne kaɗai, to waɗannan ba su da wuri a ciki. Amma wanda muke tunawa da haihuwarsa ɗan gudun hijira ne tun yana goye, ya kuma yi kuka a bakin kabarin abokinsa Li'azaru. Ibraniyawa 2:14-15 ta ce ya ɗauki nama da jini irin namu ne musamman domin ta wurin mutuwarsa ya karya ikon mutuwa. Saboda haka in akwai wanda Kirsimetin bana yake nasa, Mama ce, ko da ba ta iya rera baiti ɗaya ba.

Abin da zan ba ki shawara shi ne ki je ki zauna da ita. Kada ku guje wa sunan marigayin don gudun kada ta yi kuka, ai kukan yana nan ko an ambata ko ba a ambata ba, kuma uwa ta fi jin ciwo in ta ga kamar an manta da ɗanta. Ku ambace shi a addu'ar safe, ku gode wa Allah saboda shekarunsa, ku ba da labarinsa. In ya bar mata da 'ya'ya, su ne farkon waɗanda za a ɗinka wa, kafin naki. In Mama ba ta iya zuwa majami'a ba, kada a matsa mata. Ki roƙi fasto ko dattawa su zo gida, 'yan zumunta kaɗan su zo su yi mata waƙa ɗaya ko biyu a hankali, ba da ganga ba. Ki dafa mata abin da take iya ci. Zumunci a ƙafa yake, kuma ki sake waiwayarta a tsakiyar Janairu sa'ad da baƙi suka watse, domin a lokacin ne gida yake yin faɗi.

Akwai kuma dalilin da ya sa zuciya takan zo ranar 25 a gajiye: mun shirya kome ban da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohuwar ikilisiya ta keɓe Lahadi huɗu kafin Kirsimeti domin jira da tuba da sa zuciya ga zuwan Ubangiji, na farko da na biyu. Kibɗawa suna azumin kwana 43 kafin bikin, ba nama ba madara, shi ya sa in ranar ta zo suna jin ɗanɗanonta. Ba na ce ki ɗauki nasu ba, ikilisiyoyinmu na ECWA da COCIN da EYN da sauransu kowace da yadda ta saba. Amma za ki iya yin wani abu ƙarami a gida. Luka yana da sura 24, in kuka fara ranar 1 ga Disamba, sura ɗaya kowane dare bayan tuwo, za ku kai tashin Yesu daga matattu a daren jajibiri, yara su wayi gari sun san ko wane ne jaririn da abin da ya zo yi. Ki ba babbansu ya karanta, ƙaramin ya yi tambaya, ko da tambayar ta ba ku dariya. Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa tun 1932, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka yi. Kakanninmu da yawa da shi suka koyi karatu a gaban fitilar aci-bal-bal, bai kamata ya kwanta da ƙura a gidan jikokinsu a watan da aka fi bukatarsa ba.

Zan faɗi wata magana da nake so maigidanki ya ji, ki karanta masa da ladabi. A gidaje da yawa matan da suka fi kowa wahalar bikin su ne ba sa samun sujadar. Tun daren 24 suna bakin murhu cikin sanyin hunturu, suyar nama, tankaɗe, wanke-wanke, kitson yara, da safe maza su saɓa riga su tafi coci, mace ta iso ana addu'ar rufewa, ko ma ba ta zo ba. Da yamma kuma wasu mazan su ɓace wurin shan giya, abin da aka tara na shekara ya narke a kwana biyu, a dawo gida da faɗa. Wannan ba daidai ba ne. Mace ce ta fara jin albishir daga bakin Jibra'ilu, mace ce kuma, Hannatu tsohuwar gwauruwa, ta yi ta ba da labarin yaron ga masu jiran fansa a Urushalima. A rage yawan girki, a gama abin da za a iya tun jajibiri, samari su ɗebi ruwa su faskara itace su kama aikin nama, domin uwar gida ta zauna a majami'a daga waƙar farko har albarka. Gajiyar da kika ambata, rabinta daga nan take.

Abu na ƙarshe da zan taɓa shi ne abin da ke jiran mutane da yawa a ƙauye, wato tsohuwar gaba. Disamba ne kaɗai lokacin da 'yan uwa na Kaduna da Abuja da Legas suke haɗuwa a tsakar gida ɗaya, kuma a nan ne maganar gona da gado da abin da aka faɗa a wurin jana'iza take tashi. Bayan rasuwa irin taku, irin wannan magana ba ta rasa tasowa. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24 in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. In akwai wanda ba kwa ga maciji a dangi, kada ki jira ranar biki a cikin taro. Ki aika masa da gaisuwa tun yanzu, in kun isa ki same shi shi kaɗai, ko tare da dattijo ɗaya da ku duka kuke jin nauyinsa. Maganar rabon gado kuwa ku roƙi manya a ɗage ta zuwa wani zama na daban bayan sabuwar shekara, kada a yi ta a gaban Mama a makon biki.